Kafin ku taɓa kalkuleta, ku nemi wanda zai fara ƙarewa

Ƙannena 'yan aji biyar da aji shida na sakandare, da ku da kuka shiga jami'a kuna fama da kemistirin shekarar farko, akwai tambaya guda da nake so mu zauna a kanta, domin tana cinye makin yara masu ƙoƙari a WAEC da NECO da JAMB alhali ba ta fi sauran wuya ba. Haka takan zo: an haɗa giram kaza na wannan sinadari da giram kaza na wancan, nawa ne abin da za a samu? Duk lokacin da aka ba ku adadin abubuwa biyu maimakon ɗaya, ku san mai tambaya ya ɗana tarko. Ɗaya daga cikinsu zai ƙare ya bar ɗan'uwansa, kuma wanda ya fara ƙarewa shi ne ke yanke yawan abin da za a samu. Wanda ya yi rara, ko buhu guda ne, zama zai yi yana kallo.

Mukan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwar hatsi haka ne. A wannan lissafi kuwa ido ne farkon mai kayar da mutum. Ku ɗauki giram 4 na haidirojin da giram 16 na oksijin, a kunna musu wuta su zama ruwa:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

Ɗalibi zai duba ya ga 4 bai kai 16 ba, ya rubuta cewa haidirojin ne zai fara ƙarewa. Daga nan duk abin da ya gina a kai ya rushe. Dalili kuwa shi ne sinadarai ba su san giram ba. Da ƙidaya suke haɗuwa: ƙwayoyin haidirojin biyu su kama ƙwayar oksijin ɗaya, a sami ƙwayoyin ruwa biyu. Tunda ba mai iya ƙirga ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, sai aka tara su tsibi-tsibi, aka kira kowane tsibi mol. Mol ɗaya na kowane irin abu yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 6.02 × 10²³, amma nauyinsa ya bambanta, domin ƙwayoyin wani abu sun fi na wani nauyi. Mol ɗaya na haidirojin giram 2 ne kacal. Mol ɗaya na oksijin giram 32 ne. Ashe giram 4 ɗin nan da ido ya raina mol 2 ne, giram 16 kuwa rabin mol. Rabin mol na oksijin ba zai iya cin fiye da mol 1 na haidirojin ba. Oksijin ɗin da ya ninka abokinsa nauyi har sau huɗu shi ne zai fara ƙarewa. Za a sami ruwa mol 1, wato giram 18, haidirojin mol 1 ya ragu, wato giram 2.

Kada ku tashi daga nan sai kun tara. Giram 4 da giram 16 suka shiga, ashirin ke nan. Giram 18 na ruwa da giram 2 na rara suka fito, ashirin ke nan. In lissafinku bai dawo da abin da ya shiga ba, akwai kuskure a wani wuri, kuma kun gano shi tun kafin mai maki ya gani. Wannan ƙa'ida, cewa nauyi ba ya ɓacewa ba ya kuma ƙaruwa a haɗuwar sinadarai, Antoine Lavoisier na Faransa ne ya kafa ta da sikeli, yana auna abu a rufaffen mazubi kafin haɗi da bayan haɗi, ya kuma rubuta ta a littafinsa na 1789. Ba da jimawa ba Joseph Proust, shi ma Bafaranshe, ya nuna cewa kowane haɗaɗɗen sinadari da ƙayyadadden kaso yake zuwa, ko daga ƙasa aka haƙo shi ko a ɗakin gwaji aka haɗa shi. Giram 9 na ruwa a ko'ina yana ɗauke da giram 8 na oksijin da giram 1 na haidirojin, ruwan Kogin Kwara ne ko na rijiyar gidanku. Shi ya sa ba za ku iya tura wa ruwa ƙarin haidirojin ya karɓa ba. Duba lissafi da tara nauyi bai kai minti ɗaya ba, kuma ina mamakin yadda ɗalibai kaɗan ne suke yin sa.

Komawa mol rabin aiki ne. Akwai tarko na biyu, kuma shi ya fi kama masu ƙoƙari, waɗanda suka riga suka san ba a kwatanta giram da giram. Sai su ce, to, wanda mol ɗinsa ya fi ƙanƙanta shi zai fara ƙarewa. Ba koyaushe ba ne.

Ku tuna da ranar biki a gida. Mata sun fito da tukwane goma, an aiki yara sun kwaso duwatsun murhu goma sha biyu. Duwatsu sun fi tukwane yawa, amma tukunya huɗu kawai za ta hau wuta, domin kowace tukunya duwatsu uku take buƙata. Tukwane shida za su zauna a gefe. Babu uwar da za ta ce tukwane ne suka yi kaɗan don goma bai kai goma sha biyu ba. Abin da ta yi a ranta shi ne ta raba duwatsu da uku, ta raba tukwane da ɗaya, ta ga huɗu da goma, ta san huɗu ne ke da hukunci. Lissafin ke nan gaba ɗaya. Ku raba mol na kowane sinadari da lambar da ke gabansa a ikweshon da kuka daidaita. Wanda ya ba da ƙaramar amsa shi ne mai fara ƙarewa, kuma da shi kaɗai za ku lissafa abin da za a samu.

Shi ya sa daidaita ikweshon ke zuwa kafin komai, domin lambobin da ke gaban alamomi su ne ke gaya muku nawa ke kama nawa. Ku daidaita da lambobin gaba kawai. Ƙananan lambobin da ke ƙasan alamomi ba a taɓa su. Wanda ya mayar da H₂O ta koma H₂O₂ don oksijin ya daidaita ya bar maganar ruwa, ya koma maganar wani sinadari dabam da ake wanke ciwo da shi.

Mu gwada da amoniya, wadda da ita ake yin takin zamani:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

An ba ku giram 28 na naitirojin da giram 3 na haidirojin. Naitirojin mol 1 ke nan, haidirojin mol 1.5. A mol kuwa haidirojin ya fi yawa. Amma 1 a raba da 1 ya ba da 1, shi kuwa 1.5 a raba da 3 ya ba da 0.5. Haidirojin ne zai fara ƙarewa. Tunda mol 3 nasa ke haifar da mol 2 na amoniya, mol 1.5 zai haifar da mol 1, wato giram 17. Naitirojin rabin mol kawai aka ci, rabin mol ya ragu, giram 14. Tara 17 da 14, kun sami 31. Tara 28 da 3, kun sami 31.

Ina so wanda makarantarsu ke da kayan gwaji ya roƙi malaminsu a yi wannan a gabansa, domin gani ya kori ji. A auni giram 2.4 na ziririn magnesiyam, a goge shi da sanfefa har ya yi ƙyalli, a sa a cikin babban mazubin gilashi mai ɗauke da cm³ 100 na asid ɗin haidirokilorik mai ƙarfin mol 1 a kowace dm³, nesa da duk wani harshen wuta. Nan take kumfa zai tashi a jikin ziririn, za ku ji shuu kamar an buɗe kwalbar lemo, in kun taɓa gindin gilashin ku ji ya ɗau zafi. Ziririn zai yi ta yawo a saman ruwan yana raguwa. Can sai kumfar ta fara ja da baya, ta zama ɗai-ɗai, ta tsaya cak, ga kuma guntayen magnesiyam nan suna kwance ba abin da ke cin su. Lissafi ya riga ya faɗi haka:

Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂

Giram 2.4 a raba da 24, wato nauyin mol ɗaya nasa, ya ba da mol 0.1 na magnesiyam. Asid ɗin kuma, cm³ 100 daidai yake da dm³ 0.1, a ninka da ƙarfinsa, mol 0.1 ke nan. Dukansu 0.1, kuma a nan ne mai gaggawa zai ce sun yi daidai, babu rara. Amma kowane magnesiyam ɗaya asid biyu yake buƙata. Asid ɗin rabin ziririn kawai zai iya ci, mol 0.05. Iskar haidirojin da za ta fita ita ma mol 0.05 ce, wadda a ma'aunin zafi da matsi na ƙa'ida, inda mol ɗaya na gas ke cika dm³ 22.4, za ta cika dm³ 1.12. A tace guntayen da suka ragu, a busar, a ɗora a sikeli: kusan giram 1.2 za ku gani. In aka ƙara asid a kansu, kumfa ta dawo. Yaron da ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ba zai sake buƙatar haddace komai a kan wannan babi ba. Na san makarantu da yawa ɗakin gwajinsu a kulle yake, ko kwalaben ciki babu komai, kuma wannan abu yana yi mini ciwo. In haka taku take, ruwan tsami na binega da garin bekin soda na kanti sun isa: ku zuba garin kaɗan-kaɗan a cikin rabin kofi na binega har kumfa ta daina tashi, gari ya fara kwanciya a ƙasa. Daga wannan lokaci asid ɗin ya ƙare.

Abin da ba a cika gaya muku a aji ba shi ne, a wajen aiki ba jira ake yi a ga wanda zai fara ƙarewa ba. Zaɓar sa ake yi da gangan. Ku duba masu yin sabulu, sana'ar da mata da yawa a garuruwanmu suke rufa wa kansu asiri da ita, wataƙila har da iyayenku ko yayyenku. Sabulu haɗuwar mai ce da soda mai ƙuna, ba bekin soda ba, kuma kowace ƙwayar mai ɗaya tana buƙatar ƙwayoyin soda uku. Mol ɗaya na manja yana da nauyin kimanin giram 850, don haka kilo ɗaya ya kusa mol 1.18. Ninka da uku, kun sami kusan mol 3.5 na soda. Mol ɗaya na soda giram 40 ne. Ke nan kilo ɗaya na manja zai cinye kimanin giram 140 na soda, ba ƙari. In aka zuba giram 170, man zai ƙare, giram 30 na ɗanyar soda ya zauna a cikin sabulun. Ita ce ke sa hannun mai wanki ya yi kaushi ya tsattsage, ita ce ke ƙona fatar jariri. Don haka gwanayen sana'ar sukan rage kimanin kashi 5 cikin 100 daga sodar da lissafi ya bayar, domin soda ta zama mai fara ƙarewa, ɗan mai ya ragu ya tausasa fata. Rarar mai kaɗan ba ta cutar da kowa. Rarar soda kuwa ciwo ce.

Akwai kuma abin da ke rikita masu awo da gwangwanin madara. Matar da ta saba da manja, ran da ta samo man alaidi ko man kaɗanya ta zuba soda yadda ta saba, sai ta ga sabulu ya ƙi. Ƙwayoyin man alaidi sun fi na manja rashin nauyi, don haka kilo ɗaya nasa ya ƙunshi ƙwayoyi masu yawa, yana buƙatar soda fiye da manja. Man kaɗanya kuma ƙasa da na manja yake ci. Kilo ɗaya ne duka a sikeli, amma ƙidayar ba ɗaya ba ce. Ke 'yar aji shida da kika iya wannan lissafi, kina iya zama da innarki da ƙaramin sikeli ki gyara mata awon, kuma wannan ya fi mini makin jarrabawa daraja. Ki tuna mata da cewa soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, a sa safar hannu, kuma kada a yi haɗin a tukunyar alminiyam, domin soda na cin ta.

Wani wurin kuma rashin sanin wannan lissafi rai yake ɗauka. Gawayi in ya sami isasshen oksijin yana ƙonewa ya ba da CO₂. In oksijin ya yi kaɗan, wutar ba ta mutuwa nan take, sai ta koma haifar da CO da yawa, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke manne wa jini fiye da oksijin sama da sau 200. Mu lissafa. Giram 12 na kabon yana buƙatar giram 32 na oksijin. In mun ɗauki kilo ɗaya na gawayi a matsayin kabon zalla, mol 83 ke nan, yana buƙatar mol 83 na oksijin, wanda a zafin ɗaki ya kai lita 2,000. Ɗaki mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku bisa yana ɗauke da iska lita 27,000, kuma kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, wato kimanin lita 5,700. Kilo ɗaya na gawayi zai nemi sulusin oksijin ɗakin, ga mutane suna numfashi a ciki. Tun kafin a kai nan ma CO ya taru ya wuce abin da jiki zai ɗauka. Ku tuna da wannan a daren hunturu in an shigo da kaskon wuta ɗaki an toshe taga da tsumma, musamman ɗakin mai jego ko na tsohuwa. Janareta ya ma fi muni, domin ko a fili yana fitar da CO, balle a zaure ko a shago an ja ƙofa saboda tsoron ɓarawo. Ciwon kai ne ke fara zuwa, sai jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Kai da ka yi kemistiri, kai ne ya kamata ka tashi ka buɗe tagar ka fitar da kaskon, ko da manya za su ce ka cika iyayi. Ka yi musu bayani cikin ladabi, amma ka fitar da shi.

Saura magana ɗaya. Abin da kuka lissafa daga mai fara ƙarewa shi ne iyakar abin da zai iya samuwa. Abin da ke zuwa hannu kusan kullum bai kai haka ba. Wani ya manne a jikin gilashi, wani ya bi takardar tacewa, wani haɗin kuma ba ya kaiwa ƙarshe, yana tafiya yana dawowa. Ku raba abin da ya zo hannu da abin da lissafi ya ce, ku ninka da 100, ku sami kason nasarar aikin. In lissafi ya ce giram 17 aka sami 13.6, kashi 80 ke nan.

Amoniyar da muka lissafa a sama ita ce babban misali. Fritz Haber ya nuna a Jamus a 1909 cewa ana iya haɗa ta daga naitirojin na iska, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da aikin na masana'anta a Oppau a 1913. Duk da zafin kimanin digiri 450, da matsi mai ninka na iskar duniya wajen sau 200, da ƙarfen da ke hanzarta haɗin, kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai na gas ɗin ke zama amoniya a zagaye ɗaya. Sai a sanyaya, amoniya ta zama ruwa a janye ta, ragowar gas ɗin a mayar da shi ya sake zagayawa. Daga amoniyar ne ake yin yuriya: kilo 34 nata da kilo 44 na CO₂ suna ba da kilo 60 na yuriya da kilo 18 na ruwa. Masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, wannan lissafi ne dai injiniyoyinta suke yi, tan ne kawai ya maye gurbin giram. Lambar 46 da kuke gani a jikin buhun yuriya ma kuna iya fito da ita da kanku: a cikin giram 60 na yuriya, giram 28 naitirojin ne, kashi 46 da ɗoriya ke nan. Buhu mai kilo 50 da mahaifinku ya kai gona yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin.

A nan nake so ku riƙe amana. Na san ɗabi'ar da ta yaɗu a ɗakunan gwaji: ɗalibi ya riga ya lissafa amsar da ake tsammani, sai ya gyara abin da sikeli ya nuna ya matso kusa da ita, ko ya leƙa littafin maƙwabcinsa. Kada ku yi. In kashi 62 kuka samu, ku rubuta 62, sannan ku zauna ku bi sawun sauran 38 ɗin: a ina ya zube, a wane mazubi ya maƙale, ko zafin bai isa ba. A wannan bin sawu ake zama masanin kemistiri. Gobe wasu a cikinku za su tsaya a kamfanin haɗa magani ko na siminti ko wajen tace ruwan sha, kuma hannun da ya saba gyara lamba a makaranta da shi za a je can.

Ku kuma yi tsoron sakamakon da ya wuce kima fiye da wanda ya gaza. Farar ƙasar da ake ƙonawa a masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka da Malbaza tana bin ƙa'ida mai sauƙi: giram 100 na CaCO₃ zalla ya ba da giram 56 na CaO, giram 44 ya tashi sama a matsayin CO₂. In kun ƙona giram 10 a ɗakin gwaji, giram 5.6 ya kamata ya saura. Wanda ya auna ya ga 6.4 ya lissafa ya sami kashi 114 bai yi gwaninta ba. Ko dai wani ɓangare bai ƙone ba yana riƙe da CO₂ ɗinsa, ko samfurin na da yashi a ciki, ko an bar shi a buɗe ya sha raɓar iska kafin a auna. Ya mayar da shi wuta, ya bar shi ya huce a rufe, ya auna, ya sake mayarwa ya sake aunawa, har sai awo biyu a jere sun ba da lamba ɗaya. Wannan lambar ce zai rubuta a littafi.